Enterprise Nawa Ne a Star Trek? Tarihin Jirgin da Ake Gadon Sunansa

Ɗan'uwa, ka ce ka ga Enterprise, jirgin sararin samaniya na Star Trek, ya ƙone ƙurmus a fim ɗin 1984, sai ga shi garau a hannun Kyaftin Picard, sannan ka buɗe sabon shirin nan Strange New Worlds ka tarar da shi a hannun wani wai shi Pike. Kana so ka san ko jirgi ɗaya ne ake ta yi wa kwaskwarima, ko kuwa marubutan ne suke manta abin da suka rubuta.

Ba jirgi ɗaya ba ne, kuma ba mantuwa ba ce. Suna ne ake gado. Idan ka lura da lambar da ke rubuce a saman faifan jirgin, za ka ga na farkon NCC-1701 ne zalla, waɗanda suka biyo baya kuma ana ƙara musu harafi: A, B, C, har zuwa G. Takwas ke nan, ga kuma wani tsoho mai lamba NX-01 da ya riga su duka. A cikin ukun da ka gani, biyu jirgi ɗaya ne. Wanda Pike yake tuƙawa shi ne dai wanda ka ga ya ƙone, sai dai kana ganinsa ne shekaru ashirin da wani abu kafin ajalinsa. Na Picard kuwa wani jirgi ne dabam, mai harafin D, an ƙaddamar da shi shekara 78 bayan wancan ya zama toka.

Abin da ke rikita sabon mai kallo shi ne ba a rubuta tarihin nan a jere ba. An fara daga tsakiya, aka yi gaba, aka dawo baya, aka sake cike giɓi, tsawon shekara sama da hamsin, a hannun marubuta da yawa waɗanda wasunsu ba su taɓa haɗuwa ba. Kuma asalin abin ma tsimin kuɗi ne ya haife shi. A 1964 Gene Roddenberry ya shirya gwajin farko mai suna The Cage, inda Jeffrey Hunter ya fito a matsayin Kyaftin Christopher Pike. Tashar NBC ta ƙi karɓa, ta nemi a sake wani. Aka sake, aka kawo William Shatner a matsayin James Kirk, shirin ya fara fita ranar 8 ga Satumba 1966. To ga fim ɗin gwaji an kashe masa kuɗi yana ajiye a banza. Sai aka yi dabara, aka yanka shi aka cusa cikin wani labari mai kashi biyu, The Menagerie, aka ce ai abin da ya faru ne shekara goma sha uku da suka wuce, lokacin da jirgin yake hannun wani kyaftin. Daga ranar Enterprise ya samu jiya. Mai kallo ya gane cewa Kirk gadon kujerar ya yi, akwai wanda ya zauna a kanta kafin shi, kuma Spock, mataimakin Kirk, ya yi wa wancan aiki fiye da shekara goma sha ɗaya. Duk abin da aka gina daga baya, a kan wannan tubalin aka ɗora shi.

Siffar jirgin kuwa aikin Matt Jefferies ce, mutumin da ya yi aiki a jiragen yaƙi na sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Roddenberry ya gindaya masa sharaɗi cewa ba ya son roka mai aman wuta ko fiffike. Jefferies ya yi tunani irin na wanda ya san jirgi: injin da zai iya wuce gudun haske abu ne mai haɗari, don haka a nisanta shi da mutane. Shi ya sa ka ga dogayen injunan nan biyu a ɗage kan sanduna can baya, mutane kuma suna zaune a faifan gaba. Ya bar jikin jirgin sumul saboda a ganinsa duk abin da zai buƙaci gyara gara a iya kai masa hannu daga ciki. Lambar ma da dalilinta. NC alama ce ta rajistar jiragen farar hula a Amurka, sai ya ƙara C guda. Ya guje wa 3 da 6 da 8 da 9 saboda suna rikiɗewa a idon mai kallon talabijin, 1701 kuwa ana karanta ta daga nesa. Har yau matsattsun hanyoyin da injiniyoyi ke rarrafawa a cikin jiragen shirin ana kiransu da sunansa.

To mu shiga cikin labarin kansa. An ƙaddamar da NCC-1701 a shekarar 2245, jirgi ne samfurin Constitution, tsawonsa mita 289, allon tunawa da ke ɗakin tuƙinsa kuma yana ɗauke da sunan San Francisco. Kyaftin ɗinsa na farko Robert April ne, wanda aka fara nunawa a shirin zane na 1974. Daga shi sai Pike, lokacin ma'aikatan jirgin 203 ne. A 2254 suka je duniyar Talos IV, wato labarin The Cage ke nan. Pike shi ne wanda daga baya ya shiga cikin tururin guba don ceto ɗalibai a wani jirgin horo, ya fito jikinsa ya lalace, ba ya magana sai da fitilar da ke jikin kekensa, walƙiya ɗaya na nufin e, biyu na nufin a'a. A shirin Discovery na 2019 aka ƙara wa labarin nauyi, aka nuna cewa ya ga wannan makoma tasa da idonsa tun da wuri, kuma ya karɓe ta. Don haka Pike ɗin da kake kallo yanzu ya san abin da ke jiransa.

Kirk ya karɓi jirgin a 2265 da ma'aikata kimanin 430, ya yi tafiyar shekara biyar ɗin nan da ta yi suna, har zuwa 2270. Bayan nan aka shigar da jirgin tashar gyara, aka yi wata goma sha takwas ana aiki a kansa. An sauya injuna, an sauya ɗakin tuƙi, tsawonsa ya koma mita 305, har sabon kyaftin ɗinsa Will Decker yake gaya wa Kirk cewa wannan kusan sabon jirgi ne, bai san shi ba. Kuma gaskiya ya faɗa, domin a fim ɗin 1979 an ga Kirk ya ɓata hanya a cikin jirgin da ya yi shekara biyar yana mulki. Masoya shirin sun daɗe suna gardama ko ya dace a kira shi jirgi ɗaya bayan an sauya kusan komai. Ni dai ina tare da Starfleet, rundunar da ke da jirgin, a nan: lambar ba ta sauya ba, ba a ƙara harafi ba, kuma mutanen da suka san shi sun ci gaba da yi masa kallon tsohon abokinsu.

Zuwa 2285 ya tsufa, an mai da shi jirgin koyar da ɗalibai a ƙarƙashin Spock. A wannan halin, cike da yara masu koyon aiki, Khan, tsohon abokin gaban Kirk, ya far masa da jirgin Reliant da ya ƙwace. Spock ya shiga ɗakin injin da guba ta cika, ya gyara, jirgin ya tsira, shi kuma ya mutu. Wannan fim ɗin 1982 ke nan.

Na 1984, wanda ka kalla, a nan nake so in ɗan tsaya, domin ina ganin duk tarihin nan a kansa yake juyawa. Jirgin ya dawo gida da tabon wuta a jikinsa. Admiral Morrow ya sanar da su ba za a gyara shi ba, za a yi masa ritaya, wai shekararsa ashirin, kwanansa ya ƙare. A lissafin da aka tsayar daga baya shekararsa arba'in ne. Wannan ɗaya ne daga cikin wuraren da ɗinkin bai haɗu ba, saboda lokacin da aka rubuta fim ɗin ba a riga an tsayar da 2245 ba. Sai a 1993 Michael Okuda da matarsa Denise suka tattara shekarun labarin a littafi guda, marubutan baya suka riƙa bin sahunsu.

Kirk ya nemi izinin komawa duniyar Genesis don ɗauko gawar Spock, aka hana shi. Sai ya saci jirgin. Ka duba yadda abin yake: jirgin da mutum ɗari huɗu ke tafiyar da shi, mutum biyar ne suka fita da shi, Kirk da likita McCoy da injiniya Scotty da Sulu da Chekov, bayan Scotty ya haɗa komai da kwamfuta ya kuma zare wasu 'yan sassa daga injin Excelsior, sabon jirgin da za a tura ya kamo su. Suna isa Genesis suka yi kiciɓis da jirgin Klingon, wata ƙabilar mayaƙa ta wata duniya, na Kwamanda Kruge. Harbi ɗaya ya lalata haɗin da Scotty ya yi, jirgin ya tsaya cak, ba garkuwa ba makami. A ƙasa kuma mutanen Kruge suka kashe David, ɗan Kirk, yana ji ta na'urar magana. Kirk ya ja da baya zai zauna, ya kuskure kujerar, ya zube ƙasa.

Daga nan ya ce ya miƙa wuya, a turo mutane su karɓi jirgi. Shi da Scotty da Chekov suka tsaya gaban kwamfuta, kowa ya faɗi lambar sirrinsa ɗaya bayan ɗaya, tsarin nan dai da aka taɓa nunawa a wani kashi na 1969, inda aka fara ƙirge sannan aka janye. Wannan karon ba a janye ba. Daƙiƙa sittin. Suka sauka ƙasa, 'yan Klingon suka shigo ɗakin tuƙi suka tarar ba kowa sai murya tana ƙirge. Kruge ya ji ta na'ura, ya gane, ya yi ihu su fita, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ɗakin tuƙin ya fara tashi, wuta ta bi faifan tana cinye harufan sunan, sannan ragowar jirgin ya keto sararin Genesis kamar tauraro mai wutsiya, su biyar suna tsaye kan dutse suna kallo. Kirk ya tambayi McCoy me ya aikata. McCoy ya ce masa abin da ya zama dole ne, abin da ya saba yi, ya juya mutuwa ta zama damar rayuwa.

Dalilin da ya sa wurin nan yake da nauyi shi ne tun 1966 ake nuna cewa Kirk ba shi da abin da yake so kamar jirgin nan. Ya rasa aure, ya rasa zaman gida, duk saboda shi. Sai ga shi ya ƙone shi da hannunsa don abokinsa. Jiragen da aka tarwatsa daga baya, har da masu kyan hoto fiye da wannan, babu wanda ya kai shi ciwo, saboda babu wanda aka biya irin wannan farashi a kansa.

Al'adar harafi daga nan ta samo asali. A ƙarshen fim ɗin 1986 an rage wa Kirk muƙami daga admiral zuwa kyaftin a matsayin hukunci, aka ba shi wani jirgi mai siffa iri ɗaya, NCC-1701-A. Bai daɗe ba. Ya fito da matsaloli tun farko, ya yi babban aikinsa a taron sulhu da Klingon a Khitomer, aka yi masa ritaya a 2293. A shekarar aka ƙaddamar da B, samfurin Excelsior, a hannun Kyaftin John Harriman. A fitarsa ta farko, da 'yan jarida a ciki kuma ba a gama haɗa masa kayan aiki ba, ya je ceton 'yan gudun hijira, ya tsamo mutum 47, a nan kuma aka rasa Kirk wanda ya zo a matsayin baƙo. Kusan iyakar abin da aka nuna game da B ke nan.

C kuwa sau ɗaya tak aka ba da labarinsa, a kashin Yesterday's Enterprise na 1990, amma idan ka tambaye ni wanne ne ya fi sauya tarihin duniyar Star Trek, shi zan nuna maka. A 2344 jirage huɗu na wata daula mai suna Romulan suka kai hari wani sansanin Klingon a Narendra III. Klingon ba ƙawayen Tarayya, wato haɗakar duniyoyin da Starfleet ke yi wa aiki, ba ne na a zo a gani a lokacin, zaman doya da manja ake yi. Duk da haka Kyaftin Rachel Garrett ta amsa kiran neman agaji. Ana tsakiyar faɗa sai wata ɓaraka ta buɗe a zamani, jirgin ya faɗa ciki, ya ɓullo shekara 22 a gaba. Cikin mutum 700, 125 suka rage. Ɓacewarsa daga fagen daga ta sauya komai: Klingon ba su ga wani ya mutu dominsu ba, sulhu bai ƙullu ba, aka shiga yaƙin da ya ci rai biliyan 40, Tarayya kuma tana dab da faɗuwa. Picard ɗin wannan zamanin soja ne zalla, jirginsa babu yara babu iyali, fitilun ma a dushe suke. Guinan, mai kula da wurin shaƙatawa na jirgin Picard, ita kaɗai ta ji a jikinta cewa ba haka ya kamata duniya ta kasance ba.

Sai ya zama dole Picard ya dubi Garrett ya ce mata ta koma inda ta fito, alhali su duka sun san jirgi ɗaya mai rauni ba zai yi komai da jirage huɗu ba. Ba nasara ake nema ba. Ana so ne Klingon, mutanen da suka ɗauki mutuwa a fagen fama a matsayin mafi girman daraja, su ga jirgin Tarayya ya tsaya ya mutu a ƙofarsu. Garrett ta yarda, amma an kashe ta a wani hari kafin su juya, sai wani ƙaramin hafsa, Richard Castillo, ya karɓi kujerar ya mai da jirgin. Mutuwar C a Narendra III ce ta sa Worf, ɗan Klingon, yake tsaye a ɗakin tuƙin Picard sanye da kayan Starfleet. Bayan C kuma an yi kusan shekara ashirin babu jirgi mai suna Enterprise.

D, na Picard, an ƙera shi a Utopia Planitia da ke duniyar Mars, aka ƙaddamar a 2363. Andrew Probert ne ya zana shi. Gari ne guda: hawa 42, mutum dubu da 'yan kai, har da mata da miji da 'ya'yansu, da makaranta, da wurin shaƙatawa. Faifansa yana iya rabuwa da gangar jikin don a tsere da farar hula idan yaƙi ya taso. Shi aka fi gani a allo, kashi 178 daga 1987 zuwa 1994. Shi ya tsayar da Borg, halittun nan rabi mutum rabi na'ura, a bakin Duniya bayan sun hallaka jirage 39 a Wolf 359. Ƙarshensa dai bai yi mini daɗi ba, kuma ba ni kaɗai ba. A 2371 a Veridian III, Lursa da B'Etor, 'yan'uwa mata daga gidan Duras, suka yi amfani da na'urar leƙen da aka dasa a abin ganin da Geordi La Forge, injiniyan jirgin, yake sawa a ido, suka karanto lambar garkuwar jirgin, suka huda shi da wani tsohon jirgin da bai kai ya tsaya a gabansa ba. Gangar jikin ta fashe, faifan ya faɗo ya yi ta jan ciki cikin daji. Jirgin da ya yi shekara bakwai a gidajen mutane ya cancanci abin da ya fi haka. Da alama masu shirin ma sun ji hakan, domin a zangon ƙarshe na Picard a 2023 aka bayyana cewa La Forge ya ɗauko faifan, ya yi shekara ashirin yana gyaransa a gidan adana jirage, ya haɗa masa gangar jikin wani jirgi mai suna Syracuse. A 2401, da Borg suka ƙwace rundunar duka ta hanyar haɗin kwamfutar da ya ɗaure jiragen zamani wuri ɗaya, tsohon D ne kaɗai ba ya cikin haɗin, shi aka fita da shi.

E ya fito a 2372, siriri mai zubin yaƙi, ya yi finafinai uku, a na ƙarshe Picard ya kai wa jirgin Scimitar karo da shi gaba da gaba. F daga wasan kwamfuta na Star Trek Online aka ɗauko siffarsa, 'yan mintuna aka gan shi. G kuwa ba sabo ba ne, Titan ne aka sauya wa suna a 2402 aka ba Kyaftin Seven of Nine. Wannan ma ban so ba, don Titan ya riga ya yi wa nasa sunan aiki.

Saura biyu da ka iya cin karo da su. NX-01 na Jonathan Archer ya tashi a 2151, aka yi masa ritaya a 2161, shekarar da aka kafa Tarayya, shirinsa kuma ya fita daga 2001 zuwa 2005. Sai kuma finafinan da suka fara daga 2009 da Chris Pine, inda za ka ga ana ƙera Enterprise a ƙasa a jihar Iowa, a kuma tarwatsa shi a fim ɗin 2016. Waɗannan reshe ne na zamani dabam, wanda ya tsage lokacin da wani ɗan Romulan, Nero, ya dawo baya zuwa 2233 ya hallaka jirgin Kelvin. Kada ka haɗa lissafinsu da na sauran, in ba haka ba ba za ka taɓa samun daidaito ba.

Sunan ma ba a shirin ya tsaya ba. A takardar farko ta 1964 Yorktown aka kira jirgin, kafin a koma Enterprise, sunan da jiragen ruwan yaƙin Amurka suka daɗe suna ɗauka, ciki har da wanda ya yi yaƙin Midway a 1942. Sai abin ya juyo: kumbon gwaji na farko na hukumar NASA da aka yi niyyar kira Constitution, masoya shirin suka yi ta aika wasiƙu har Shugaba Gerald Ford ya amince a sa masa Enterprise, aka fito da shi ranar 17 ga Satumba 1976, 'yan wasan suna wurin. Shekara uku bayan haka hoton kumbon ya bayyana a bangon jirgin a cikin fim, a jerin magabatansa. Samfurin asali mai tsawon ƙafa 11 da aka ɗauki shirin da shi yana gidan tarihin Smithsonian a Washington tun 1974.

Idan kana so ka ji yadda mutanen cikin labarin suke ɗaukar wannan tambaya taka, nemi kashin Relics na 1992. An tsamo Scotty bayan ya yi shekara 75 a maƙale cikin na'urar tura mutane ta wani jirgi da ya faɗi. Ya tsinci kansa a D, ya shiga ɗakin injin yana son taimakawa, sai ya ga ya zama kaya, iliminsa ya tsufa, har La Forge ya gaji ya ce masa yana tare masa hanya. Sai ya ɗauki kwalba ya tafi ɗakin da kwamfuta ke kwaikwayon wurare, ya ce a nuna masa ɗakin tuƙin Enterprise. Kwamfuta ta ce jiragen Tarayya biyar ne suka ɗauki sunan, wanne yake nufi. Biyar ɗin daidai ne, kuma da aka zo ƙirƙiro NX-01 daga baya an sa shi ne kafin kafuwar Tarayya, lissafin bai karye ba. Scotty ya faɗi lambar dalla-dalla, NCC-1701, ya ce ba A, ba B, ba C, ba D. Ƙofa ta buɗe, ga jajayen sandunan dafawa na ƙarfe, ga ƙarar na'urori irin ta da, kujeru duk babu kowa. Ya ɗaga kofi ya gai da abokan da ba sa nan. Can sai Picard ya shigo ya zauna kusa da shi, ya ce shi ma jirgin da yake tunawa ba wannan babban ba ne, Stargazer ne, jirginsa na farko, wanda injinsa ba shi da ƙarfi kuma kullum kamar zai wargaje, amma akwai ranakun da zai ba da kusan komai don ya sake tsayawa a ɗakin tuƙinsa.